A Riƙa Auna Saurin Fiyus Kafin A Ce Wayarin Tsohon Gida Lafiya Lau Yake

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu gidaje da 'yan uwana masu aikin lantarki a kan yadda ake duba wayarin tsofaffin gidaje, musamman waɗanda aka gina tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Abin da aka saba shi ne a kunna fitila, a kunna fanka, idan sun kama sai a ce wa maigida komai lafiya lau, alhali ba a binciki abin da rai ya rataya a kansa ba, wato idan waya mai wuta ta taɓa jikin hita ko injin jan ruwa, tsawon wane lokaci fiyus zai ɗauka kafin ya tsinke.

Kwanakin baya an kira ni wani gida a Tudun Wada, nan Gusau, inda uwargida ta ce famfon banɗaki yana jan ta, har ya kai ba ta buɗe shi sai da silifa a ƙafa. Da na zaro fiyus ɗin, irin na tangaran ɗin nan na zamanin NEPA, sai na tarar an murɗe silin tagulla har uku an ɗaura masa, wai don ya daina damun mutane da ƙonewa.

To, ko da ainihin wayarsa ce a jiki, da sauran rina a kaba. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671, wadda muka gaji yawancin tsarin wayarinmu daga gare ta, ta tanadi cewa a wutar gida mai bolt 230 dole layin soket ya yanke cikin daƙiƙa 0.4 idan wayar ƙasa, wadda muke kira atin, tana komawa taransifoma ta kan wayar masu ba da wuta, ko cikin daƙiƙa 0.2 idan turken ƙarfe na atin da aka kafa a tsakar gida kaɗai aka dogara da shi. Fiyus ɗin tangaran mai amfiya 30 yana buƙatar kusan amfiya 210 ta ratsa shi kafin ya tsinke a daƙiƙa 0.4, ko a daƙiƙa 5 ma sai ya sami wajen amfiya 87. Yanzu a ce an auna turken gida ya nuna om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta take gamuwa da ita a hanyarta): wutar da za ta bi ta cikinsa ba za ta kai amfiya 5 ba, fiyus ko ɗumi ba zai yi ba, jikin hita kuwa yana nan cike da wuta yana jiran hannu mai danshi. Da bazara, lokacin da ƙasarmu ta bushe ƙarau, lamarin ƙara muni yake yi, kuma gishiri da gawayin da ake zuba wa turke, duk da suna taimakawa, da wuya su sauko da shi kusa da om 1 da fiyus ɗin yake nema.

Wannan ne ya sa magabatanmu a sana'a suke haɗa bututun ƙarfe na ruwan sanyi da na ruwan zafi da atin na hita da na fitilar banɗaki da wata waya kore, ko kore da rawaya, mai kaurin milimita murabba'i 4 idan a fili take. Wayar ba ta yanke wuta. Aikinta shi ne idan matsala ta auku dukan ƙarafan su tsaya a mataki guda, ta yadda bambancin da ke tsakanin abubuwa biyu da mutum zai taɓa ba zai wuce bolt 50 ba. A gidan da na ambata, mai gyaran famfo ya sauya wani sashe na bututun da na roba, ya yanke wannan waya ya yar, yana ganin tarkace ce.

Gaskiya ne tun bugun 2008 ƙa'idar ta yarda a bar wannan haɗi a banɗaki, kuma na ji matasan ma'aikata suna kafa hujja da hakan, amma sun manta da sharuɗɗan: kowane layi na banɗakin ya kasance yana da na'urar RCD mai miliamfiya 30 (na'urar da take yanke wuta nan take idan ta ji tana zurarewa ƙasa), saurin yankewa ya cika, babban haɗin ƙarafan gidan da atin kuma yana nan daram. Gidan da fiyus ɗin tangaran ne kaɗai kariyarsa bai cika ko sharaɗin farko ba.

Ina kira ga hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki tun 2015, da ƙungiyoyin masu sana'armu, su nace cewa duk wanda ya duba tsohon gida ya rubuta wa maigida sakamakon awon atin da na kowane layi a takarda. Masu gidaje kuma, kafin a zuba sabbin 'yan haya, su sa a saka RCD, kuma kada su bari kowa ya taɓa koren wayar nan ta banɗaki sai an saka na'urar an gwada ta a gabansu.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lantarki, Gusau, Jihar Zamfara