Amsa ga Mai Tambaya: Kanti Ya Rufe, Ina Fim ɗin da Aka Saya?

Malam, assalamu alaikum.

Ka yi mana tambaya a bainar jama'a, don haka a nan za mu amsa. Cewa ka yi: da kamfanin Walmart na Amurka ya rufe sashensa na sayar da finafinai ta intanet, me ya rage a hannun waɗanda suka biya kuɗi suka sauke fim? Kuma yaya kantin da ya fi kowa cinikin faifan DVD a Amurka a lokacin ya kasa riƙe wannan ɗan ciniki?

Ta biyun ta fi sauƙi. An buɗe sashen a Fabrairun 2007 da finafinai da shirye-shiryen talabijin kusan 3,000, kuma manyan kamfanonin fim shida na Hollywood duk sun ba da kayansu. Ranar 21 ga Disamba na shekarar aka rufe, ko shekara bai cika ba. Sunan Walmart ne a bakin ƙofa, amma injin da ke gudanar da cinikin na kamfanin HP ne. Da HP ya ga kasuwar ba ta ci yadda ya zata ba, sai ya janye, rumfa ta tashi. Kasuwar kuwa dole ta ƙi ci. Sabon fim dala 12.88 zuwa 19.88 ne, kusan kuɗin faifai, ga shi ba ya kunnuwa a iPod ko kwamfutar Mac, ba a kuma iya buga shi a faifai a kalla a na'urar DVD ta falo. Wa zai biya kuɗin faifai ya karɓi abin da bai kai faifai ba?

Tambayar farko ce mai nauyi. Fim ɗin da mai tura finafinai ke zuba maka a memori buɗaɗɗe ne, duk wayar da ka sa shi zai yi. Na Walmart a lokacin a kulle yake zuwa, da tsarin kulle fayil na Microsoft da ake kira Windows Media DRM. Abu biyu mai saye ke karɓa: fayil ɗin fim, wanda aka hargitsa bayanansa, da wani ɗan ƙaramin lasisi mai ɗauke da mabuɗi. Lasisin daga babbar kwamfutar kamfani yake fitowa, kuma an ɗaure shi da kwamfutar da ta karɓe shi, ya san kayan cikinta. Ka kwafi fayil ɗin a filash ka kai wata kwamfuta, girmansa na nan daram, amma manhajar kallo ta Windows Media Player za ta tsaya neman mabuɗi ta intanet. In mai ba da mabuɗin ya daina bayarwa, fayil ya zama kwalin banza.

Shi ya sa bayan rufewar aka shaida wa masu saye cewa za su ci gaba da kallo a kwamfutar da suka sauke fim ɗin, amma ba za su mayar da shi wata ba. Wato ran fim ya rataya da ran kwamfuta. Abubuwa uku ke kashe shi: yi wa kwamfuta fomatin a sake ɗora Windows, mutuwar faifan ajiya na ciki, ko canza babban allon cikin na'urar, wato motherboard. Na farkon ya fi yawa, domin mai gyara da ya ga kwamfuta na nauyi, fomatin yake fara kawowa.

Ba Walmart kaɗai ba ne. A Agustan 2007 Google ya daina sayar da bidiyo, ya fara da bai wa mutane takardar rangwamen sayayya, sai da aka yi ca a kansa ya mayar da kuɗi. A 2008 Walmart ya sanar zai kashe kwamfutocin mabuɗan waƙoƙin da ya sayar, ƙorafi ya sa ya fasa. A 2010 ya sayi Vudu, kamfanin sayar da finafinai ta intanet, ya dawo harkar fim, a 2020 ya sayar da shi ga kamfanin Fandango.

A ganinmu kalmar "saya" da ake rubutawa a irin waɗannan kantuna akwai rufa-rufa a cikinta, izinin kallo ake sayar maka. Kafin ka biya, duba sharuɗɗa ka ga na'ura nawa aka yarda ka kalla a kai, da abin da aka ce za a yi in an rufe. Bayan ka sauke, yi gwaji na minti biyar: kashe data, kwafi fayil ɗin zuwa wata na'ura, buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC. In ya yi, naka ne, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban. In ya ƙi, to kulle yake, sai ka adana rasit, domin da shi ake neman kuɗi idan kanti ya tashi. Kada kuma ka bari a yi wa kwamfutar fomatin kafin a kwafe faifan ajiyarta gaba ɗaya, har da Windows ɗin da ke kai, a wani faifai na waje, kwafin fayilolin fim kaɗai ba ya ɗauko lasisi.

Fim ɗin da kake son jikoki su gani kuwa, nemi faifansa na asali.

Wassalam.