Clementi ya wuce a kira shi dillalin fiyano

Edita, assalamu alaikum.

Ku ba ni ɗan fili in kare mutumin da ya bar duniya tun 1832. A rubutunku kan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Austriya, kun ambaci Muzio Clementi a layi ɗaya tak, wai wani mai sayar da fiyano ne da ya taɓa karawa da gwani. Abin ya sosa mini rai.

Ni malamin fiyano ne, kuma kusan duk yaron da ya zauna a gabana sai ya bi ta ƙananan waƙoƙi shida da Clementi ya wallafa a 1797. A kansu yaro ke koyon zura babban yatsa ƙarƙashin sauran ba tare da gwiwar hannu ta ɗaga ba. Ina da wata ɗaliba da ta yi wata guda tana tuntuɓe a wuri ɗaya. Ranar da ta wuce shi, sai da ta yi tsalle daga kujera.

A Roma aka haifi Clementi a 1752. Yana ɗan shekara 14 wani attajiri, Peter Beckford, ya tafi da shi wani ƙauye a yankin Dorset na Ingila, inda ya yi shekaru yana ta bita shi kaɗai. Karawar da kuka ambata, wato gasar kiɗan fiyano tsakaninsa da Mozart, an yi ta a Biyana, babban birnin Austriya, a Disamba 1781, gaban Sarki Joseph na Biyu, kuma ba a ce wani ya kayar da wani ba. Mozart ne daga baya ya rubuta wa mahaifinsa cewa Clementi inji ne kawai, ba shi da ɗanɗano. Maganar kishiya ce, amma ita tarihi ya riƙe. Shi kuwa Clementi yabon Mozart ya ci gaba da yi.

Gaskiya ne ya shiga kasuwanci. A 1798 ya karɓi wani kamfani da ya karye a Landan, yana ƙera fiyano yana buga takardun kiɗa. Gobara ta cinye masana'antar a 1807, bai durƙushe ba. A shekarar ma ya ƙulla yarjejeniya da Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, kan buga ayyukansa a Birtaniya. To ina aibun maƙeri ya san abin da yatsa ke nema?

A Westminster Abbey, babbar majami'ar nan ta Landan, aka binne shi, dutsen kabarinsa na kiransa uban fiyano. Don Allah ku gyara layin nan.

Naku,
Wani malamin kiɗa