A samar wa 'yan wasa dandali a Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kunka buga kwanan nan kan yadda wasan kwaikwayo na dandali ke mutuwa a biranen Arewa, kuma wallahi abin ya taɓa ni don mu nan Sakkwato haka zancen yake.

Ba masu wasa munka rasa ba, wuri ne babu. Duk wanda ya ga yara sun fito tashe daga goma ga azumi, ko ya ga 'yan kama na kwaikwayon wa'azi da zancen tuwo da miya jama'a na faɗuwa da dariya, ya san gwaninta na nan, amma yanzu sai wurin biki kawai za ka gan su, matasan kuma duk sun koma TikTok da Facebook, bidiyon minti ɗaya ba ya koya ma yaro tsayuwa gaban mutane. Hol ɗin haya kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfinsu, ga kuɗin janareta.

Roƙona ga gwamnatin jiha, a ware fili buɗaɗɗe kamar dandalin Shehu Kangiwa ko sau ɗaya a wata, bayan isha'i lokacin da zafi ya sauka. A sa tikiti mai sauƙi, mata da yara gefensu daban, a samu jami'an tsaro. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su duba labaran tukuna, don iyaye su saki jiki su kawo iyalinsu.

Na gode,
Mai karatunku daga Mabera, Sakkwato