Ku gwada manhajarku a inda sabis ba shi da ƙarfi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da ƙannena masu koyon rubuta manhajar intanet, kan wani kuskure da ya taɓa jefa ni cikin kunya.

Na taɓa haɗa wa wani Alhaji mai shagon yadi a Kantin Kwari shafin duba kaya da farashi. A gidana komai ya tafi lafiya lau. Amma a cikin kasuwa sabis zuwa yake yana ɗaukewa. Wata rana yaron shago ya danna atamfa, kafin amsa ta fito ya danna shadda. Sai allo ya nuna sunan shadda, farashi kuwa na atamfa. Da haka aka sallami mai saye. Da Alhaji ya kira ni, na rasa bakin magana, don laifin nawa ne.

Ga abin da ya faru. Idan shafi ya nemi bayani daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, JavaScript, harshen da ake rubuta manhajar shafin da shi, ba ya tsayawa jiran amsa, wucewa yake ya ci gaba da sauran aiki. Kamar ka aiki yara biyu kasuwa ne, na biyun ya riga na farkon dawowa. Ni kuma na rubuta manhajar tamkar duk wanda ya fara fita shi zai fara shigowa. Amsar atamfa ta makara a hanya, da ta iso sai ta danne ta shadda.

Tun da aka shigo da async da await, kalmomin da ke sa aiki ya jira amsar saba, cikin harshen a 2017, rubutun ya yi sauƙin karantawa fiye da zamanin XMLHttpRequest, tsohuwar hanyar neman bayani daga saba, kuma na yi murna da hakan. Sai dai sauƙin ya ruɗi wasunmu. Await aikin da yake cikinsa kaɗai yake dakatarwa, bai hana mutum sake danna maɓalli ba. Yanzu duk sabuwar buƙatar da zan tura, sai na soke tsohuwar da AbortController, kayan aikin soke buƙata, ko in sa wa kowace lamba, amsar da ba ta ƙarshe ba in watsar da ita.

Akwai kuma wanda ɗalibai da yawa ba su sani ba: fetch, umarnin neman bayani daga saba, ba ya ɗaukar amsar 404 ko 500, wato lambobin da saba ke turowa idan buƙata ta gaza, a matsayin kuskure. Sai ka duba response.ok, alamar da ke nuna ko buƙatar ta yi nasara, da kanka, in ba haka ba ka nuna wa mutum "an yi nasara" alhali ba a ajiye komai ba. Maɓallin biyan kuɗi kuwa a kulle shi da zarar an danna, a nuna alamar jira, saba ma ta ƙi karɓar biya ɗaya sau biyu. Wanda ya ga shafi ya yi shiru dole ya sake dannawa, kuma kuɗin makarantar ɗansa ne ake cirewa.

Roƙona ga malaman da ke koyar da wannan sana'a shi ne, kada su karɓi aikin ɗalibi sai ya gwada shi a gabansu da sabis mai rauni. A burauzar Chrome akwai wurin rage gudun intanet ya koma na 3G, kyauta ne, kuma da na san shi a lokacin, da Alhaji bai yi asarar shaddarsa ba.

Naka,
Mai rubuta manhaja daga Fagge, Kano