Ƙarin iskar kabon ba ya maye gurbin taki da ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ana yawan jin masu cewa ƙaruwar iskar kabon dayoksaid a sararin samaniya ba abin damuwa ba ce, wai ma abinci ce ga tsirrai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa ta cancanci a amsa ta da tsanaki.

Ƙaruwar kanta dai awo ne ya tabbatar da ita. Tun 1958 ake auna iskar a tashar Mauna Loa da ke Hawaii, lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yau ta haura 420. Tsohuwar iskar da ta maƙale cikin ƙanƙarar Antaktika ta nuna wajen 280 ce kafin zamanin masana'antu.

Tsiro na shaƙar wannan iska ta ƙananan ƙofofin ganyensa, ya haɗa abinci da taimakon hasken rana. Amma moriyar ƙarin ba ɗaya ba ce. Alkama da shinkafa da waken soya, waɗanda masana ke kira C3, suna ƙara yabanya. Masara da dawa da rake, wato C4, dama suna tattara iskar a cikin ganyensu, don haka ƙarin ba ya tsinana musu sosai sai lokacin fari, inda ƙofofin ganye ke ɗan tsukewa ruwa ya daɗe a ƙasa.

Masu wannan da'awa kan kafa hujja da ɗakunan gilashi, inda ake ɗaga iskar zuwa kusan kashi 1,000 cikin miliyan don noman tumatir. Sai dai a can ruwa da taki da zafi duk a hannun manomi suke. Da aka kewaye filayen gona da bututu masu fesa iskar har wajen kashi 550, ƙarin amfanin bai kai abin da aka gani a rufaffen ɗaki ba. A dajin gwaji na Oak Ridge a Amurka, bishiyoyi sun fara girma da sauri, daga baya saurin ya ja baya saboda sinadarin naitrojin ya yi ƙaranci a ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ingancin hatsi. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2014 ya gano alkama da shinkafar da suka girma cikin ƙarin iskar suna da ƙarancin zinki da sinadarin ƙarfe da furotin. Buhu ya cika, amma abin gina jiki ya ragu. Ga kuma zafin da iskar ke riƙewa: shinkafa idan zafi ya wuce digiri 35 lokacin fitar fure, ƙaiƙayi ake girba maimakon ƙwaya. Ciyawa ma tana shan wannan iskar.

Roƙona, duk wanda ya kawo muku wannan da'awa ku tambaye shi: wane irin amfanin gona, a fili ko a ɗakin gilashi, kuma nauyin hatsi aka auna ko sinadaran cikinsa?

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku