Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Janar Abdulsalami Abubakar: Matan Da Suka Tare Ƙofa A Accra

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ni malama ce, ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandaren 'yan mata a Katsina. Wata ɗalibata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Muna cikin darasi kan ECOWAS ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wai harkar ƙasa da ƙasa ba ta maza ba ce? Ni dai duk hoton da na gani manyan riguna ne da kwat." Sai na ajiye alli na ba su wani labari wanda kai ne ganau a cikinsa, ni jiyau ce kawai.

A watan Yunin 2003 ECOWAS ta ɗora maka sasanta yaƙin Laberiya a Accra, babban birnin Gana. Gwamnatin Charles Taylor na gefe, 'yan tawayen LURD da MODEL na gefe. Mako ya bi mako ana ta jan ƙafa, wakilai na kwana a otal masu sanyi, alhali ruwan rokoki na sauka a Monrobiya. Ana cikin haka, a watan Yuli, mata wajen 200, Musulmi da Kirista, sanye da fararen kaya, suka zauna a bakin ƙofar zauren taron suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka zo kama jagorarsu Leymah Gbowee, sai ta yi barazanar tuɓe tufafinta, abin da kowane ɗan Afirka ya san nauyinsa idan uwa ta yi shi. Kamar yadda ita ta ba da labari, kai ka fito ka saurare su, har ka mayar da wani da ya nemi ya ratsa su ya wuce. Ranar 11 ga Agusta Taylor ya sauka daga mulki ya kama hanyar Kalaba, ranar 18 aka sa hannu kan yarjejeniya.

Yaran suka tafa. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai daban ne: a ƙasa matan nan suka zauna, a waje. Ƙungiyar matan yankin kogin Mano da aka bari ta sa hannu ma, a matsayin shaida ta sa. Kujerun yanke hukunci na masu bindiga ne.

Masanan da ke duba siyasar duniya ta fuskar mata a kan irin wannan suka gina karatunsu. Wata Ba'amurkiya, Cynthia Enloe, ta taƙaita shi a tambaya ɗaya: ina matan suke? Hujjarsu ita ce, wanda ya zauna a teburi shi ke fassara ma'anar tsaro. In sojoji ne zalla, tsaro ya zama iyaka da makami da karagar mulki. In akwai wadda ta san farashin mudun gero da nisan asibitin haihuwa, lissafin zai canza. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da haka tun ranar 31 ga Oktoban 2000 a ƙuduri mai lamba 1325, a watan da Namibiya ke shugabancinsa. Najeriya ma ta rubuta nata tsarin aiwatarwa a 2013, ta sabunta a 2017. Takarda dai ba mu rasa ba.

To, ranka ya daɗe, shekara 20 cif bayan Accra, a Agustan 2023, aka sake tura ka, wannan karon Yamai, tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar. Malamai ma sun yi tasu tafiyar. Allah Ya saka muku, domin da ba a tsaya kan sulhu ba, da jinin 'yan uwa ya zuba. Amma na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, na yi tambayar Enloe, ban sami amsa ba.

Matan suna nan kuwa. Suna Jibiya da Illela da Maigatari. Su ne masu sarin cuku da dabino daga Maraɗi, su kai atamfa da kayan roba. A tashar mota na zauna kusa da wata dattijuwa, ta kwance bakin zaninta ta nuna min abin da ya rage na jarinta, ta ce 'yarta na aure a tsallake, ta haihu, ba ta je wankan jego ba. Ba ta san sunan ko shugaba ɗaya da ya halarci taron ECOWAS na Abuja da ya ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ba, amma ta fi su sanin abin da rufe iyaka ke nufi. An yanke wuta ga ƙasar da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga wajenmu yake zuwa. Wa ya tambayi ungozoma yadda ake karɓar haihuwa da fitilar waya? A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, sojojin na nan daram, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. An yi ba a yi ba.

Kada a ce na zo tallar kayan Turawa. Na san kalmar "feminizim", wato aƙidar fafutukar haƙƙin mata, ta ishi a tashi taro a garinmu. Suwidin ce ta fara laƙaba wa manufofinta na waje wannan suna a 2014, zamanin minista Margot Wallström, ta ce ginshiƙansa uku ne: haƙƙi, wakilci da kuɗin aiki. Kanada da Faransa da Meziko da Jamus suka bi sahu. Amma Suwidin ɗin ba ta daina sayar da makamai ba, kuma da gwamnati ta canza a 2022 aka cire sunan kamar hula. Don haka sunan bai dame ni ba. Kuma ban ce mace waliyyiya ba ce. Akwai mata masu son yaƙi, kuma ƙwararriyar da ta girma a unguwar Maitama ta Abuja ba lalle ta san kasuwar Jibiya ba. Wakilcin da nake nufi ya haɗa da mai digiri da mai faranti a ka.

Ba a rasa gwanaye ba. Joy Ogwu ta riƙe ma'aikatar harkokin waje, ta kuma shugabanci zaman Kwamitin Sulhu a madadin Najeriya. Amina Mohammed, 'yar Gombe, tun 2017 take mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Duniya ta yarda ta aike ta, mu a gida muna cewa ba mu ga wadda za mu aika ba. A Afrilun 2022 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta cika alkawarin kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata.

Roƙona ɗaya ne, Baba. Ba kai ke naɗa jakadu ba, amma maganarka ba ta faɗuwa ƙasa. Duk ranar da aka sake kiran ka sulhu, a ECOWAS ne ko a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa da kake jagoranta, ka nemi jerin sunayen 'yan tawaga kafin ka amsa. In babu mata masu kujera da bakin magana, ka mayar da takardar a gyara. In kuma za a rufe wata iyaka, ka ce a fara jin ta bakin shugabannin matan kasuwannin da ke bakinta.

Ɗalibar nan sati mai zuwa za ta sake tambaya ta, na san halinta. Na yi mata alkawarin zan karanta wa ajin wannan wasiƙa, da amsarka in ta samu.

Allah Ya ja zamaninka.

'Yarka,
Wata malamar makaranta, Katsina