A riƙa koya wa yaranmu abin da ke can cikin kwamfuta

Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, kuma bayan la'asar ina koya wa samari huɗu harshen C, na rubuta manhajar kwamfuta. Shafinku na fasaha kullum farashin waya ne, shi ya sa nake roƙon fili.

Watan jiya wani ɗalibina ya rubuta wa Linux, uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, direban katin sadarwa, wato 'yar manhajar da ke miƙa saƙo tsakanin katin da uwar manhaja. Yana lodawa kwamfutar ta sandare, ko linzami ya ƙi motsi. Kwana biyu muna lalube.

Layin da saƙonni ke jira kafin su fita, hannu biyu ne ke taɓa shi: mai turawa, da kuma sashen da ke amsa katin idan ya katse aiki don sanar da cewa ya gama. In suka taɓa tare, lissafi ya dagule. Don haka ake sa makullin da masana ke kira spinlock. Kamar famfon burtsatse ne: ɗaya na bugawa, na bayansa na tsaye da jarka a hannu yana ta leƙe, ba ya zama, balle ya tafi gida ya kwanta. Sashen amsa katin ba shi da izinin barci, dole irin wannan makulli zai riƙe, kuma a sake shi da wuri.

Yaron ya sa makullin, amma da umarnin spin_lock kawai. Mai turawa na riƙe da makullin sai katin ya katse ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor) da yake aiki a kanta, mai amsawa ya shigo yana jiran makulli, mai makulli kuma ba zai motsa ba sai an ba shi wuri. Shi ke nan, jira har abada. Muka mayar da shi spin_lock_irqsave, wanda ke toshe katsewar tukuna. Na ce masa, "Ɗana, loda." Ya loda, fitilar katin ta fara ƙyaftawa, ya miƙe tsaye yana ta hamdala.

Tun 1996 Linux ke aiki da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, da farko tana amfani da babban makulli guda, wanda sai 2011 aka gama cire shi. Wayar Android da ke aljihun kowa a kan Linux take. Ku ware mana ko rabin shafi a wata, da Hausa. Darasin farko yana hannuna, zan aiko.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina